Gidan Veitch: Yadda Zuriya Biyar Suka Riƙe Sana'ar Lambu Shekara Ɗari Biyu

Maƙeri kan ƙera fartanya da safe, kafin la'asar ta shiga gona. Mai lambu kuwa, musamman wanda ke renon itatuwa, aikinsa ya fi ƙarfin shekarunsa, domin itacen da ya dasa yana saurayi ba zai gama girma ba sai jikansa ya yi furfura. Shi ya sa idan aka bi diddigin manyan lambunan duniya, sau da yawa gida ake tararwa a bayansu, ba mutum guda ba. Cikin irin waɗannan gidaje, da wuya a sami wanda tarihinsa ya fito fili kamar gidan Veitch na Birtaniya, wanda ya faro daga wani yaro ɗan ƙauye a farkon shekarun 1770, sana'ar ba ta bar hannun zuriyarsa ba sai a 1969. Wanda ya ji wannan zai yi saurin cewa ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, abin a jini yake. Ni kuwa ina ganin tarihin gidan ya nuna akasin haka. Gado irin wannan ba ya tafiya da ƙafarsa daga uba zuwa ɗa. Abin da ya riƙe shi horo ne da ake sabuntawa a kowace zuriya, da amanar da aka gina tsakanin mai gida da ma'aikatansa, da ƙasar da mai dashe ke da tabbacin ba za a tashe shi daga kanta ba. Ranar da waɗannan suka yi rauni, jini bai hana komai rushewa ba.

An haifi John Veitch a 1752 a Ancrum, wani ƙauye kusa da garin Jedburgh a kudancin Sikotlan, mahaifinsa ma aikin lambu yake yi. Da a ce jini ya isa, da ya zauna gaban mahaifinsa ya koyi abin da zai koya. Amma ba haka aka yi ba. An kai shi koyon sana'a a wani gandun renon itatuwa na yankinsu, daga nan ya gangara Landan ya yi aiki a gandun James Lee da ke Hammersmith, wanda yake cikin mafiya shahara a lokacin. Yana nan ne, bai ma cika shekara ashirin ba, aka tura shi yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila, wajen wani babban mai filaye, Sir Thomas Acland, domin ya tsara masa dausayin gidansa da ke Killerton. Yaron ya shata hanyoyi a gefen tudu, ya dasa itatuwa, ya nuna basirar da ta sa mai gidan ya ɗora shi a kan kula da gandayensa, ya kuma ba shi fili a Budlake, nan kusa, ya kafa nasa gandun renon dashe. Nan ne tushen komai. John bai zo da dukiya ba, hannu ya zo da shi, sai ya tarar da mai ƙasar da ya yarda da shi. Ya rasu a 1839 yana da shekara tamanin da bakwai, bayan ya shafe fiye da shekara sittin yana dashe a yanki guda.

Ɗansa James, wanda aka haifa a 1792, ya gane cewa ƙauye ya yi wa sana'ar kaɗan, kuma zama a ƙarƙashin inuwar mai filaye guda ba ya da tabbas. A 1832 aka buɗe sabon gandu a Mount Radford, a gefen birnin Exeter, a kan fili mai eka 25. Zamani ma ya zo masa daidai. Wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya gano cewa tsiro na iya rayuwa watanni a cikin akwatin gilashi rufaffe, domin danshin da ya tashi daga ƙasa kan taru a jikin gilashin ya sake komawa, wanda hakan ya sa ana iya ɗauko tsiro da ransa daga wata nahiya ta jirgin ruwa. Jirgin ƙasa ya iso Exeter a 1844. A 1845 gwamnati ta soke harajin gilashi, sai masu hali suka shiga gina ɗakunan gilashi a gidajensu, suna neman baƙin furanni da za su zuba a ciki. James ya yi abin da uban nasa bai taɓa yi ba: maimakon ya jira wasu su kawo iri ya saya, ya ɗauki nasa mutum ya tura shi ƙetare. Ke nan ɗan bai gaji uban ta hanyar maimaita aikinsa ba, ya gaje shi ne ta hanyar ɗora sabon hawa a kan ginin.

Mutumin da ya tura shi ne William Lobb, ɗan yankin Cornwall, mai lambu ne shi ma, wanda ya tashi a 1840 zuwa Kudancin Amurka. A tsaunukan Chile ya je neman irin wani itace mai ganye kamar ƙaya, wanda masana ke kira Araucaria. 'Ya'yan itacen suna can ƙololuwa, rassan kuma ba sa hawuwa saboda kaifin ganyen, sai ya riƙa harbo su da bindiga, 'yan dakonsa suna bi suna tsince ƙwayoyin a ƙasa. Dubban ƙwayoyi ya aiko Exeter, aka shuka, aka sayar. A 1853 kuma yana Kalifoniya ya ji labarin wasu itatuwa masu girman da hankali ba ya ɗauka a tsaunukan Sierra Nevada, wato sekoya. Ya je ya gani da idonsa, ya tara iri, ya kama hanyar Ingila nan take ba tare da jiran izini ba, don kada wani ya riga shi. Shekara na zagayowa gidan Veitch na sayar da kowane dashe ɗaya a kan fam biyu da sule biyu, kuɗin da leburan gona zai yi kusan wata yana aiki kafin ya samu. Ƙanensa Thomas Lobb ya nufi gabas a 1843, ya ratsa Singafo da Jaba da wasu sassan Asiya yana tara furanni. Mutum ya yi shekaru shi kaɗai a wata duniya da kuɗin wani a hannunsa, babu mai sa masa ido sai wasiƙar da ke yin watanni a hanya, wannan ba ya yiwuwa sai da amana ta kowane ɓangare.

Abin da ya fi ba ni hujja shi ne yadda gidan ke yi da 'ya'yansa. A zuriyoyin farko, babu wanda aka miƙa wa ragama don kawai sunansa Veitch. James ƙarami, jikan John, an tura shi Landan ya yi aiki a gandayen wasu mutane kafin ya dawo gida, kuma shi ne a 1853 ya jagoranci sayen gandun Knight da Perry a titin King's Road da ke Chelsea, inda sunan gidan ya kai ƙololuwa. Ɗansa Harry, haihuwar 1840, an kai shi Jamus karatu, sannan ya zauna a Paris a kamfanin iri na Vilmorin, wanda shi ma na gado ne. Yayan Harry, John Gould, ya tafi Japan a 1860, lokacin da ƙasar ta fara buɗe ƙofarta ga baƙi. Jirgin da ya shiga ya yi haɗari a gaɓar Silon, ya rasa kayansa, amma ya nemi wani jirgin ya ci gaba, har ya shiga ayarin jakadan Birtaniya Rutherford Alcock da ya hau dutsen Fuji a wannan shekara. Ɗan'uwansu Peter na reshen Exeter ya zaga Ostireliya, ya kuma shiga dazuzzukan Borneo. A kusan kowace zuriya, sai an fitar da yaro daga gida, ya yi wa wani biyayya, ya ga yadda ake yi a wani wuri, sannan a kira shi magaji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mutanen nan sun san cewa hannun uba kaɗai kan yi sanyi wajen tanƙwarawar.

Har ila yau, aikin da ya fi ɗaukaka sunan gidan a idon masana ba ɗan gida ne ya yi shi ba. John Dominy ma'aikaci ne da ya shafe rayuwarsa a gandun. A lokacin ana ganin furen okid a matsayin abin da sai dai a ɗebo daga daji, ba wanda ya taɓa haɗa auren iri biyu ya fitar da sabo har ya yi fure. Wani likitan tiyata na Exeter, John Harris, ya nuna wa Dominy yadda cikin furen yake: garin namijin ba a warwatse yake ba kamar na sauran furanni, a dunƙule yake, ana iya ɗauke shi a ɗora a kan macen wani furen. Dominy ya yi hakan da nau'i biyu na Calanthe. Kwanson ya nuna, ya fashe, ya ba da iri mai laushi kamar ƙura, wanda yawancinsa ba ya tsirowa. Ya shuka, ya yi ta lallaɓa 'yan ƙananan tsiron da suka fito, har a 1856 ɗaya ya yi fure. Shi ne okid na farko da hannun ɗan Adam ya haɗa aurensa ya kai ga fure, aka kuma sa masa sunan Dominy, ba sunan mai gida ba. Da ya tsufa, John Seden, wanda ya koya a hannunsa, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ashe a cikin gidan akwai wata zuriyar ta biyu, ta malami da almajiri, wadda ba ta haɗa jini da kowa ba, amma da ita aka yi tafiyar.

Mai suka zai ce duk wannan ado ne, gaskiyar magana ita ce gidan Veitch ya ci moriyar mulkin mallaka ne da kuɗin attajiran Ingila. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Jiragen ruwa da jakadu da 'yan mishan na daular Birtaniya su suka share wa masu tara tsiro hanya. Gidan ya tura mutum 22 sassan duniya, ciki har da Bajamushe Wilhelm Kalbreyer da ya zo gaɓar Afirka ta Yamma a 1876, ya bi ta Kalaba da Bonny da tsaunin Kamaru. An ƙiyasta cewa kafin Yaƙin Duniya na Farko gidan ya shigar da tsirrai 1,281 cikin lambunan Turai. Mutanen da suka nuna hanya, suka ɗauki kaya, suka san inda kowane tsiro yake da amfaninsa tun kaka da kakanni, ba a rubuta sunayen mafi yawansu ba, ba kuma a ba ƙasashensu komai ba. Haukar neman okid ta wancan zamani ta sa an yashe dazuzzuka da dama. Sai a 1992 duniya ta amince a taron Rio cewa kowace ƙasa ce ke da iko da albarkatun halittunta, yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ƙara fayyace rabon amfani. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai yana bayyana inda dukiyar ta fito ne, ba ya bayyana dalilin daɗewa. Ƙofar nan a buɗe take ga kowane gandu a Ingila. Gidan Loddiges na Hackney, wanda ya riga su shahara, shi ma na gado, ya rufe a farkon shekarun 1850 da wa'adin hayar filinsa ya ƙare, birnin Landan ya cinye wurin da gine-gine.

Labarin itacen da ake kira Davidia ya isa ya nuna tsawon numfashin da sana'ar ke buƙata. A 1899 gidan ya ɗauki wani saurayi, Ernest Wilson, wanda ya sami horo a lambun Kew, ya tura shi ƙasar Sin neman wannan itace mai fararen ganyen fure da ke reto kamar kurciyoyi. Ya fara zuwa Yunnan wajen Augustine Henry, likita ɗan Ireland da ke aikin kwastan a can, wanda ya zana masa taswira a takarda ya sa alamar inda ya taɓa ganin itace guda. Wilson ya yi tafiyar makonni ya isa wurin a 1900, sai ya tarar da kututture, ga kuma sabon gida a gefe da aka gina da katakon itacen. Bai juyo ba. Ya ci gaba da bincike har ya ci karo da wasu, ya jira suka yi 'ya'ya, ya aiko da iri. Irin ya daɗe a ƙasa kafin ya tsiro, itacen kuma bai yi fure a gandun gidan da ke Coombe Wood ba sai a 1911. Shekara goma sha biyu ke nan tsakanin kashe kuɗi da ganin fure. James Herbert Veitch, wanda ke riƙe da kamfanin a shekarun tafiye-tafiyen Wilson, ya rasu a 1907 bai gani ba. Wanda bai da tabbacin cewa wani zai tsaya a bayansa, kuma filin zai kasance a hannu, ba zai taɓa zuba dukiyarsa a irin wannan aiki ba.

To, tabbacin nan ne ya kuɓuce wa reshen Chelsea. John Gould ya rasu da tarin fuka a 1870 yana da shekara 31, shekara guda bayan mahaifinsa, ya bar 'ya'ya maza biyu ƙanana. Harry ya riƙe gidan shekara talatin, ya miƙa wa 'ya'yan yayan nasa, amma rashin lafiya ta kayar da James Herbert, ƙanensa kuma bai iya ɗaukar nauyin ba, dole tsohon ya dawo bakin aiki. A 1912 aka ba shi sarautar Sir saboda rawar da ya taka a babban baje kolin lambu na duniya da aka yi a Chelsea, wanda ya share fagen bikin furanni da ake yi a can tun 1913 har yau. Amma shi ba shi da ɗa, ga shi ya haura saba'in, wa'adin hayar filin Coombe Wood kuma ya zo ƙarshe. A 1914 ya rufe kamfanin, aka yi gwanjon itatuwan da aka tara shekara da shekaru, lambun Kew ya sami wasu daga cikin waɗanda ba a cika samu ba. Reshen Exeter kuwa, wanda ya ware a 1863 a hannun Robert Veitch, bai taɓa yin irin wannan suna ba, amma ya bi ta hannun Peter, daga 1929 kuma ya koma hannun 'yarsa Mildred, wadda ta riƙe shi shekara arba'in kafin ta sayar a 1969.

A nan wani zai ce ai maganar ta koma kan jini, tunda rashin magaji ne ya kashe Chelsea. Ni ina ganin darasin a juye yake. Ba a rasa gwanaye a gandun ba a 1914, akwai mutanen da suka shafe shekaru suna aure da dashe da renon iri a ciki. Abin da aka rasa shi ne wanda ke ɗauke da sunan, Harry kuma ya zaɓi ya rufe maimakon sunan ya koma hannun bare. Wato ɗaure gado da igiyar jini kaɗai shi ne raunin gidan, ba ƙarfinsa ba. Hujja kuwa ita ce ilimin bai mutu da kamfanin ba. Wilson ya koma Amurka ya ci gaba da aiki a gandun Arnold na jami'ar Harvard, ma'aikatan suka watsu cikin wasu lambuna da abin da suka koya, lambar yabo ta tunawa da Veitch da aka kafa a 1870 har yanzu ana bayar da ita, itatuwan Killerton kuma suna nan a tsaye, tunda gidan Acland ya miƙa wurin ga hukumar National Trust a 1944, ta yadda ba mai iya sare su ya yanka fulotai. Reshen da ya yarda mace ta gada kuwa ya ƙara shekara 55 a kan wanda ya fi shi suna.

Wata sukar ita ce zamanin gidajen gado ya wuce, yanzu cibiyoyin bincike da manyan kamfanonin iri ke wannan aiki, kuma tilasta wa yaro sana'ar ubansa tauye shi ne. Babu shakka cibiya ta fi gida kayan aiki, kuma yaron da zuciyarsa ba ta lambu barinsa ya fi alheri, domin mun ga yadda ɗora nauyi a kan wanda bai shirya ba ya ƙare a Chelsea. Amma cibiya ba ta kawar da buƙatar ba, sauya mata mazauni kawai ta yi. Ita ma sai da tsoho mai koyar da yaro, sai da fili mai tabbas, sai da haƙurin jiran shekara goma. Kuma akwai sanin da ba ya zama a ɗakin gwaji: wane ɓangaren fili ne ke riƙe ruwa, wane iri ne ke jure sanyin wurin, yaushe ake cire dashe. Yawancin kayan lambun da duniya ke ci ba daga hannun masu suna irin Veitch suka fito ba. Albasar Galmi da ta yi suna a Afirka ta Yamma, masu lambun wannan yanki na Nijar ne suka yi ta zaɓen irinta zuriya bayan zuriya, ba tare da an rubuta sunan kowa ba.

Bambancin kawai shi ne gidan Veitch ya rubuta. A 1906 James Herbert ya fitar da littafin Hortus Veitchii, inda aka jera masu tara tsiron gidan da masu haɗa aurensa da abin da kowa ya kawo, shi ya sa yau muke iya bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya. Duk gidan da ke da lambu na gado, a ko'ina yake, yana da irin wannan tarihi a bakin tsofaffinsa, kuma yana fuskantar tambayoyin da suka fuskanta. Shin an tura yaro ya koyo abin da babu a gida? Shin an ɗauki ma'aikacin kirki a matsayin magajin ilimi, ko ɗan ƙwadago kawai? Shin 'ya mace na cikin lissafi? Shin filin na da takarda, ko ranar da gari ya matso za a wayi gari an kafa masa turaku? Gidan da ya amsa waɗannan tun tsohon yana da ƙarfi, zai iya dasa itacen da ba zai ci 'ya'yansa ba da kwanciyar hankali. Wanda ya bar su ga jini kuwa, ya bar wa sa'a aikin da ya kamata ya yi da hannunsa.